Katantanwar ruwan daɗi a ƙasar Damagaram da Tafkin Chadi

Katantanwar ruwan daɗi halittu ne masu laushin jiki da ke zaune cikin ɓawo mai murɗe, a tabkuna, koramu, kududdufai da koguna. A Hausa ana ce wa dabbar dodon koɗi, ɓawonta kuma katantanwa, ko da yake a bakin jama'a sunayen biyu sun daɗe da cakuɗewa. Damagaram ba ta da babban kogi mai gudu shekara zagaye, don haka yawancin ire-iren da ke cikinta na ruwan kwance ne. Na kogi sosai sai an gangara gabas zuwa Komadugu Yobe da Tafkin Chadi, ko an yi yamma zuwa Kogin Kwara. An fi sanin ƙananansu saboda su ne masaukin tsutsar tsargiya, kuma kusan duk abin da aka rubuta game da su a Nijar daga wannan ƙofa ya shigo.

Rabe-rabe da yadda ake gane su

Kashi biyu ne manya. Akwai masu murfi, wato wani ɗan faifai mai tauri a bayan ƙafar dabbar wanda take toshe bakin ɓawo da shi idan ta shige ciki. Waɗannan da matsefin numfashi irin na kifi suke shaƙa. Akwai kuma marasa murfi, masu jakar iska kamar huhu, waɗanda kan hau saman ruwa su ɗebi iska. Duk masu ɗauke da tsargiya a Afirka cikin kashi na biyu suke. Wanda ya tsinci katantanwa mai murfi a bakin tabki, to ba ita ce ta fitsarin jini ba.

Gwaji na biyu shi ne gefen da baki yake. A riƙe ɓawon tsininsa sama, bakinsa na kallon mai riƙon. In bakin yana hagu, ɓawon kuma ƙarami ne marar murfi, Bulinus ce. In yana dama, ɓawon siriri mai faɗin baki kamar kunne, Lymnaea natalensis ce, wadda wasu littattafai ke kira Radix natalensis. In kuwa ɓawon shimfiɗaɗɗe ne kamar an naɗe gammo, ba tsini, faɗinsa bai fi milimita 15 ba, ana zaton Biomphalaria pfeifferi. Inda sababbin ma'aikata ke yawan tuntuɓe shi ne Lanistes: ita ma bakinta hagu yake, amma tana da murfi, kuma babbarta ta ninka Bulinus sau da yawa. Ƴaƴanta ƙanana ne ke ruɗarwa, sai an duba murfin.

Bulinus

Ire-irenta biyar aka fi ambata a Nijar: truncatus, globosus, senegalensis, forskalii da umbilicatus. Jininsu ja ne, domin yana da sinadarin da ke rina jinin mutum, abin da ke ba su damar zama a ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci. Kowace ɗaya mace ce kuma namiji, tana iya haihuwa ita kaɗai ba tare da barbara ba. Ke nan guda ɗaya da ta maƙale a ƙafar tsuntsu, ko a jikin koma da masunta suka ɗauko daga wani tabki, ta isa ta cika sabon wuri. Ƙwai take mannawa a dunƙule cikin wani abu mai yauƙi, a ƙarƙashin ganyen bado, a jikin kara, har da ledar da aka yar cikin ruwa. Kamar mako guda suke ƙyanƙyashewa, kuma cikin makonni 4 zuwa 6 ƴaƴan sun fara nasu ƙwan idan ruwa na da ɗumi.

Bulinus truncatus ta fi son ruwan da ke daɗewa: manyan tabkuna, madatsai, hanyoyin ban ruwa. Ana samunta har cikin tafkunan duwatsun Abzin. Yawanta kan ƙaru da ɗari ya ragu da bazara, lokacin da ruwa ya yi zafi ya ja baya. Bulinus globosus ta fi ta kumbura, takan kai milimita 20, ta fi yawa a kudu inda ciyayin ruwa ke da kauri.

Bulinus senegalensis ce ta kududdufin damina, kuma ita ta fi dacewa da ƙasa irin Damagaram, inda ruwan sama ke sauka daga Yuni zuwa Satumba sannan a yi wata takwas ba ɗigo. Ɓawonta siriri ne mai tsawo, kamar ƙwayar shinkafa da ta yi ƙiba. Tun kafin kududdufi ya ƙafe take nutsewa cikin laka a gefe, zurfin ƴan santimita, ta ja jikinta can ƙuryar ɓawo ta kwanta har wata shida ko fiye. Akasari masu matsakaicin girma ne ke tsira. Tsofaffi da jarirai kan mutu. Ruwan farko na sauka, cikin kwanaki kaɗan sun fito suna ƙwai. Shi ya sa ramin da aka haƙa don buga tubali a bayan gari, wanda da rani awaki ke kwana ciki, kan zama matattarar cuta a watan Agusta. Bambanta ta da forskalii aiki ne mai wuya. Ta biyun tana da ɗan kafaɗa mai kaifi a kan murɗe-murɗenta, ta farkon kuwa sumul take, amma a ƙananan ɓawo alamar ba ta fita sosai, kuma kuskuren yana da nauyi tunda senegalensis ce ke yaɗa tsargiyar mafitsara.

Masu murfi

Bellamya unicolor ita ce ainihin katantanwar kogi: ɓawo mai kauri, kore-kore ko ruwan ƙasa, tsawonsa kusan santimita 2 zuwa 3. Ba ta yin ƙwai a waje, ƴaƴa take haifa da ɓawonsu. Tana zaune a ƙasan ruwa kan laka, daga Kogin Nilu har Sanagal. Cleopatra bulimoides ƙarama ce, sau da yawa da zane-zane masu duhu. Melanoides tuberculata doguwa ce mai tsini da ƙuraje, tana wuni binne cikin yashi ta fito da dare. Galibinsu mata ne masu haihuwa ba namiji, kuma tana jure ruwa mai ɗan gishiri ko kanwa fiye da sauran.

Manyan su ne Pila da Lanistes, masu matsefin numfashi da huhu a haɗe. Pila wernei kan wuce santimita 10, ba ta da ta biyu a girma cikin na ruwan daɗin Afirka. Pila a saman layin ruwa take ajiye ƙwai masu farin ɓawo, Lanistes kuma cikin ruwa, masu yauƙi.

Mazauni

Ruwan jihar Zinder iri uku ne ta fuskar katantanwa. Na farko kududdufai da tabkunan damina, masu wata biyu zuwa biyar. Na biyu tabkunan da ruwan ƙasa ke ciyarwa a kwarin Korama da kewayen Mirya, Matamai da Magarya, inda ake noman rake da lambu. Cikin irinsu akwai tabkin Gidimuni da na Lasuri, waɗanda duka biyu suna cikin jerin dausayoyin Yarjejeniyar Ramsar ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, Lasuri tun 2005, Gidimuni tun 2019. Na uku kwaruruwan kanwa na wajen Gure, inda yawan kanwa ke hana akasarin ire-iren zama.

Abubuwan da ke raba musu wuri su ne daɗewar ruwa, zafinsa, gishirinsa, ƙarfin gudunsa da ciyayi. Marasa murfi ba sa iya riƙe kansu a ruwa mai gudu da ƙarfi, sai su taru a lungu, cikin bado, kainuwa da kacala. Biomphalaria ba ta son zafi mai tsanani ko ƙafewa, shi ya sa a Nijar aka daɗe ana saninta a wajen Gaya, daga baya kuma aka same ta a gonakin ban ruwa na kwarin Kwara. Masu cin katantanwa sun haɗa da gaiwa, ƙurungu, talibamban, agwagi, da wani baƙin tsuntsu dangin shamuwa wanda bakinsa ba ya haɗewa a tsakiya, gwanin zare Pila daga ɓawo.

Tarihin bincike

Sunan Bulinus daga Sanagal ya fito. Bafaranshe Michel Adanson ya bayyana wata ƴar katantanwa da ya kira Bulin a littafinsa na 1757, sannan O. F. Müller ya ba ta sunan kimiyya a 1781. A 1851 Theodor Bilharz ya ga tsutsar tsargiya a jikin gawa a Alƙahira, amma sai a 1915 Robert Leiper, shi ma a Masar, ya tabbatar cewa ta mafitsara Bulinus take bi, ta hanji kuma shimfiɗaɗɗiyar katantanwa.

A yankin Damagaram da Tafkin Chadi, cikin waɗanda suka fara tattara ɓawo akwai sojoji da masu shata iyaka. Ayarin hafsan sojan Faransa Jean Tilho, wanda ya yi aikin iyaka tsakanin Kwara da Chadi daga 1906 zuwa 1909 kuma ya zauna a Zinder, ya kai tarin ɓawo Paris, inda Louis Germain ya yi nazarinsu. Germain ya raɗa sunaye masu yawa a kan ƙananan bambance-bambancen siffa, kamar yadda aka saba a zamaninsa, daga baya masana suka haɗe da dama daga cikinsu. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 Christian Lévêque ya auna katantanwar ƙasan Tafkin Chadi, ya nuna Melanoides, Bellamya da Cleopatra ne suka fi rinjaye a wurin. A Yamai, cibiyar CERMES, wadda aka kafa wajen ƙarshen shekarun 1970 don sanƙarau da tsargiya, ta bi tabkunan ƙasar. A 1993 masu bincike suka ba da rahoton alamun cakuɗuwar tsutsar mutum da ta shanu, Schistosoma bovis, a Nijar, batun da har yanzu ake muhawara kan girmansa.

Akwai tarihin da ya girmi wannan nesa. A hamadar Tenere da gindin duwatsun Termit ana tsintar ɓawon Melanoides, Bulinus da Biomphalaria cikin farar ƙasar tsofaffin tabkuna, inda yau babu ko rijiya kusa. Sun rage ne daga lokacin da Sahara ke da ruwa, kimanin shekaru 10,000 zuwa 5,000 da suka wuce, sa'ad da ake ƙiyasin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 350,000.

Alaƙa da cuta

Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su fashe, ƴan tsutsotsi su fito su nemi Bulinus cikin sa'o'i kaɗan, in ba su samu ba su mutu. A cikinta suke ninkuwa, bayan makonni 4 zuwa 6 ta fara sakin dubban ƴan tsutsotsi masu wutsiya mai reshe biyu, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ta fata suke shiga, ba sai an sha ba. Ba sa wuce kwana biyu a ruwa, don haka ruwan da aka ɗebo aka ajiye a randa kwana biyu, ba katantanwa ciki, ya kuɓuta daga wannan cutar. Nijar ta fara rabon maganin praziquantel ga jama'a a 2004, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Maganin ba ya taɓa katantanwa kuma ba ya hana sake kamuwa.

Lymnaea ce masaukin Fasciola gigantica, tsutsar hantar shanu da tumaki da mahauta ke gani kamar ganye a magudanar ɗaci.

Yadda ake ƙidaya

Ma'aikaci kan sa dogon takalmin roba da safar hannu, ya riƙe matata mai ramuka milimita 1 zuwa 2 a kan sanda, ya yi minti 15 yana kwasa a inda mutane ke shiga ruwa, yana juya ganye da tarkace. Da hantsaki ake ɗauka, ba da yatsa ba. Kowace katantanwa a sa ta ɗan kofinta da ruwa mai tsabta, a ajiye cikin haske daga hantsi zuwa azahar, sannan a duba da madubin ƙara girma. Ruwan famfo mai sinadarin kashe ƙwayoyi yana kashe su kafin su saki komai. Rana kai tsaye tana dafa su a ƙaramin kofi. Wadda ta kamu kwanan nan ba ta fara saki ba, sai a ƙirga ta cikin masu lafiya, shi ya sa ake riƙe su makonni ana maimaitawa. Tsutsar shanu da ta mutum kuma kamarsu ɗaya a ido, sai gwajin ƙwayar halitta ke raba su.

Matsayin kariya

Ire-iren da suka bazu, irin su Bulinus truncatus, Melanoides da Bellamya unicolor, ba sa fuskantar barazana a jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, wadda ta fitar da nazarin halittun ruwan daɗin Afirka ta Yamma a 2009. Madatsai da ban ruwa ma ƙara musu wuri suke. Bayan kammala madatsar Diama a Sanagal a 1986, Biomphalaria ta yaɗu, tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard-Toll cikin shekaru biyu.

Masu haɗari su ne waɗanda Tafkin Chadi kaɗai ko kusan shi kaɗai suka sani: Biomphalaria tchadiensis da ƙananan Gabbiella biyu, tchadiensis da neothaumaeformis. Tafkin ya faɗo daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, ɓangaren arewa na wajen Gigimi ya ƙafe sau da dama, buɗaɗɗen ruwa ya koma fadama. Masana sun saɓa kan ko Biomphalaria tchadiensis iri ce mai zaman kanta ko siffa ce ta pfeifferi. Niclosamide, maganin da ake zubawa don kashe masaukin tsargiya, ba ya zaɓe: yana kashe masu murfi, kifi da ƴaƴan kwaɗi tare, shi ya sa ake taƙaita shi ga mashigar ruwa.