Girkin mako guda: don Allah a daina barin tukunya ta kwana a waje

Akwai wani amai da gudawa da ke yawan zuwa mana asibiti kwanakin nan, har na kan gane shi tun ba a gama ba ni labari ba. Gida guda ne za su shigo, uwa da yara, wani lokaci har da maigida yana dafe da ciki. Me aka ci? Abincin gida, "ni na dafa da hannuna". Yaushe aka dafa? Tun ƙarshen mako, na kwana bakwai aka girka lokaci guda. To da aka sauke, yaushe ya shiga firij? Nan sai a yi shiru, can a ce, "Washegari da safe. Ai sai da na bari ya huce."

Wannan "bari ya huce" shi ne ya ishe ni.

Kada a ce na hana girkin mako. Dabara ce mai kyau, kuma ina yaba wa duk wadda ta ɗauke ta. Mai fita aiki za ta dawo ta tarar da abinci, an rage sayen na waje, an rage zubarwa, mai ciwon suga ko hawan jini kuma ya san abin da ke cikin kwanonsa. Sannu da ƙoƙari, 'yar uwa, na san tsayuwar wuni guda a kicin ba wasa ba ce. Amma ki sha wannan wahala duka, sannan ki rufe ƙatuwar tukunya ki bar ta a kan murhu ki je ki kwanta? Haba!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, wasu kan ninka yawansu cikin minti 20. In zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai a hannunki. Babbar tukunyar miya da nama kuwa, gefenta zai yi sanyi ki ɗauka ta huce, alhali tsakiyarta na nan da ɗumi har asuba. Ɗumin nan suke so.

Sai a ce mini, "Ai na tafasa shi kafin mu ci." Na ji. Amma shinkafar da ta kwana a waje, ƙwayar cutar da ke cikinta ta riga ta zuba dafi, kuma dafin nan wuta ba ta kashe shi. Ki tafasa sau goma, yana nan, kuma kafin awa 6 an fara amai. Wata kuma ta ce, "Na shinshina, bai yi tsami ba." Hanci ba ya gane wannan. Abincin da ya kwantar da yaranki, ƙamshinsa lafiya lau yake. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ke babba ki yi kwana biyu ki miƙe. Ƙaramin yaro gudawar wuni guda ta isa ta kai shi ga ƙarin ruwa.

Na san tsoron da ake ji, wai abinci mai zafi zai lalata firij. Ba wanda ya ce ki ɗauki tukunya daga wuta ki cusa. Raba shi za ki yi. Ki zuba a ƙananan robobi masu faɗi, kaurin abincin kada ya wuce santimita 5, ki bar su a buɗe tururi ya fita, sannan ki rufe ki jera. In kina sauri, ki tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan sanyi kina juyawa. Ko da sauran ɗan ɗumi, ki sa. Gara firij ya ɗan yi aiki da a kwana a asibiti. Kuma ki fara girkin da wuri, domin yawancin masu barin tukunya ta kwana, da dare suka gama, gajiya ta ci ƙarfinsu. Maza masu girka wa kansu, har da ku nake, kun ma fi kowa wannan hali.

Mai son farawa, kada ta fara da kwana bakwai. Ta duba firij ɗinta tukuna, ta ƙirga robobinta, ta girka daidai abin da za su ɗauka. Na kwana 3 ya isa gwaji. Sauran a gurguje:

- Firij ya zauna ƙasa da digiri 5, kuma kada a cika shi maƙil.
- Dafaffen abinci kwana 3 zuwa 4 ne a firij. Wanda za a ci bayan haka ya tafi firiza tun ranar da aka dafa.
- Shinkafa ta fi kowa rashin haƙuri: a sanyaya cikin awa 1, a ci kashegari, ko a daskarar.
- A rubuta ranar girki a murfi. Kada a dogara da "ina jin shekaranjiya ne".
- A ɗebi na ci ɗaya a ɗumama har ya yi tururi ciki da waje. Sau ɗaya. Ba a ɗumama duka a mayar.
- Ɗanyen nama a can ƙasa, a rufe, nesa da dafaffe.
- In wuta ta ɗauke, rufaffen firij na riƙe sanyi kamar awa 4. Inda wuta ba ta tsayawa, a tsince, a gyara, a auna kayan girki na mako, amma dahuwa a yi ta kullum.

Tukunyar da ta riga ta kwana a waje, a zubar. Na san da ciwo, na san kuɗi ne. Kada a ce bari a ba yara da rana.

In kuma an riga an ci, amai da gudawa sun fara, a soma ba da ruwan gishiri da suga nan take, kaɗan-kaɗan, mai shan nono a ci gaba da ba shi. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya ƙi shan komai, idonsa ya faɗa, fitsari ya ɗauke, a kawo shi yanzu, ko tsakar dare ne. Mai juna biyu da tsoho ma kada a jira su kwana.