Citroën 2CV: tambayoyi da amsoshi kan motar da aka ƙera wa manoman Faransa

Me ya kawo tunanin ƙera ta tun farko?

Kamfanin Citroën ya karye a ƙarshen 1934, sai Michelin mai yin tayoyi ya karɓe shi. A lokacin yawancin manoman Faransa da keken doki suke kai kaya kasuwa. Pierre-Jules Boulanger, wanda Michelin ya turo kamfanin, ya gindaya wa injiniyoyi sharuɗɗa a 1936: mota mai ɗaukar mutum huɗu da kaya kilo 50, ta yi gudun kilomita 60 a awa, ta sha lita 3 kacal a kilomita 100, kuma ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a cikinta ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. André Lefèbvre ne ya ja ragamar aikin. Duk abin da ke ba mutane mamaki a jikin motar nan, in aka bi diddiginsa, ga waɗannan sharuɗɗa zai koma. Na mai ne kawai bai cika ba, don na baya-bayan nan lita 5 zuwa 6 suke sha.

To me ya sa ba ta fito ba sai 1948?

Yaƙi. An haɗa kusan guda 250 don baje kolin motoci na Paris a Oktoban 1939, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Satumba, aka fasa. Waɗancan na farko fitila ɗaya gare su, bodinsu na alminiyam, injinsu mai sha ruwa. Kamfanin ya wargaza yawancinsu, ya ɓoye kaɗan kada su faɗa hannun Jamusawa. Uku daga ciki sai a shekarun 1990 aka gano su a saman wani ɗakin ajiya a garin La Ferté-Vidame na Faransa. Jinkirin ya yi wa motar rana. Alminiyam ya yi tsada aka koma ƙarfe, Flaminio Bertoni ya gyara fasalinta, Walter Becchia kuma ya zana sabon inji mai shan iska. Ran 7 ga Oktoba 1948 aka yaye mata mayafi a Paris. 'Yan jarida suka yi ta yi mata ba'a, masu saye kuwa suka yi layi, har ta kai mutum ya jira shekaru kafin tasa ta iso.

Sunan na nufin ƙarfin doki biyu ne kawai?

A'a. CV gajeren "ƙarfin doki" ne da Faransanci, amma 2CV lambar aji ce ta harajin mota a Faransa. Injin farko mai cc 375 ƙarfin doki 9 yake bayarwa, iyakar gudunsa wajen kilomita 65.

Yaya injin yake, har ake ta yabonsa?

Silinda biyu ne a kwance, ɗaya na kallon dama ɗaya hagu. Becchia ya bi duk abin da ya saba ajiye mota a hanya ya cire shi. Babu lagireto, babu famfon ruwa, don haka ba maganar tafasa ko daskarewa a lokacin sanyi. Fanka a bakin karanshaf take, ba bel ke juya ta ba, muddin inji na aiki tana hura iska. Babu gasket tsakanin silinda da kanta, gogaggun fuskoki biyu ne ake haɗawa. Ba a raba wuta: kwayil ɗaya ne mai baki biyu, fulogi biyun suna tartsatsi tare, ɗaya ya kunna mai, ɗayan ya tashi a banza a silindar da ke fitar da hayaƙi. Idan batir ya mutu, ƙarfen kwance taya shi ne hannun murɗa inji daga gaba, kuma haka aka bar shi har motar ƙarshe.

An ƙara shi zuwa cc 425 a 1954, sannan 435 da 602 a 1970. Mai 602 na ƙarshe yana ba da doki 29, ya kai wajen kilomita 115 a awa. Injin nan yana jure a taka shi har ƙasa tun safe har yamma, abin da manyan injunan zamaninsa da yawa ba sa ɗauka.

Batun ƙwai fa, da gaske ne?

Nan ne gwanintar take. Kowace taya tana kan dogon hannu nata. A ƙarƙashin motar, dama da hagu, akwai bututu kwance mai sifirin biyu a ciki, ɗaya na tayar gaba ɗaya na ta baya, kuma bututun kansa yana ɗan motsawa. Idan tayar gaba ta hau tudu, sai ta ja bututun, shi kuma ya danna ta baya ƙasa tun kafin ta iso wurin, motar ta zauna daidai maimakon ta yi tutsu. A kan kwana tana kwanciya har mai kallo ya ɗauka za ta kife, amma siraran tayoyinta masu faɗin milimita 125 ba sa sakin ƙasa, don nauyinta a ƙasa yake kuma gaba ke ja. Duka-duka motar farko ba ta wuce kilo 500 ba. Rufinta tamfol ne da ake naɗewa har baya, kujerun kuma ana cire su a zuba buhuna. Waifa ma da wayar agogon gudu take aiki har zuwa 1962: in mota ta tsaya waifa ma ta tsaya, sai direba ya murɗa da hannu.

Ta shigo Afirka?

Ta shigo, musamman ƙasashen da Faransa ta mallaka. An ma yi wata mai suna Sahara mai inji biyu, ɗaya a gaba ɗaya a but, kowanne da tayoyin da yake ja. Ƙasa da 700 aka ƙera. A 1973 Citroën ya shirya Raid Afrique, inda motoci 60 suka taso daga Abidjan zuwa Tunis, tafiyar kilomita 8,000, suka ratsa hamadar Tenere a Nijar. Rashin nauyi ne ya fisshe su: in ta kafe a yashi, mutum uku ko huɗu sun isa su tura ta.

Yaushe aka daina, kuma me ya sa?

Renault 4 da ta fito a 1961 ta ƙwace mata kasuwa sosai. Tsadar mai ta 1973 ta farfaɗo da ita, haka ma samfurin Charleston mai launi biyu na 1980. Amma haɗa ta na cin hannu da yawa, dokokin hayaƙi da na kariya a haɗari kuma sun wuce da saninta. Masana'antar Levallois da ke gefen Paris ta tsaya a 1988, ta ƙarshe ta fito daga Mangualde a Fotugal ran 27 ga Yuli 1990. An ƙera sama da miliyan 3.8, in an haɗa da masu ɗaukar kaya sun haura miliyan 5.

Wanda ya samu tsohuwa yau, me zai fara dubawa?

Tsatsa, kafin komai. Shasin akwati ne na siririn ƙarfe, daga ciki yake ruɓewa, ya fi lalacewa a bayan ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi, ko tazarar da ke tsakanin fenda da bodi ta karkace. Faci ba ya magani, sai a ɗage bodi a sa sabon shasi.

Sai na'urar sanyaya baƙin mai da ke bayan fanka. Ƙura da maiƙo na toshe ta, inji ya yi zafi ba tare da wani agogo ya nuna ba, fistin ya kama. A wanke ta duk lokacin juyen mai. Tazarar bawul milimita 0.20 ce, ana aunawa inji na sanyi. Idan mai na tsatsafowa ta ko'ina, a fara zargin bututun zuba mai, domin a cikinsa akwai robar da ke rage iska a cikin inji. In ta mutu, ko an sauya sil yoyon zai dawo. Fil ɗin da tayoyin gaba ke juyawa a kansa yana son giris kusan duk kilomita 1,500. Kada a yi doguwar ribas da gudu, giya na iya cijewa.

Man birki kuma a yi hattara. Masu faifan birki a gaba, daga 1981, koren mai LHM suke sha, tsofaffi masu ganga kuwa man birki na yau da kullum. In aka zuba na wannan a wancan, robobin cikin birkin gaba ɗaya za su kumbura, sai an sauya su duka an wanke bututu.