Me ake nufi da "jinkiri uku" a harkar haihuwa?

Mai sauraren shirye-shiryen lafiya a rediyo ba zai rasa jin ma'aikatan asibiti suna ambaton "jinkiri uku" ba. Abin da suke nufi shi ne gaɓoɓi uku da lokaci ke ƙwacewa, tun daga sa'ar da mai ciki ta shiga matsala har zuwa sa'ar da aka yi mata magani. Masu bincike biyu na Jami'ar Columbia da ke Amurka, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, su ne suka fitar da wannan tsari a rubuce a 1994.

Dalilin da ya sa suka dubi lokaci shi ne, yawancin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa suna da magani, sai dai ba sa jira. Zubar jini bayan haihuwa kan iya ɗauke mace cikin awa 2. Doguwar naƙuda takan ɗauki kwana 2 zuwa 3, kuma wadda ta tsira sau da yawa takan fita da yoyon fitsari.

Jinkiri na farko a gida yake faruwa, kafin a yanke shawarar tafiya. Mai haihuwar fari tana kunyar ta ce naƙuda ta zo. Idan jijjiga ta kama ta, wasu sukan ɗauka iska ce, a nemo rubutu da hayaƙi. Ungozoma ta ce a ƙara haƙuri. Maigida yana kasuwa ko ya tafi ci-rani, babu mai ikon cewa a fita da ita, ga kuɗin mota ba a tanada ba.

Na biyu hanya ce. Da damina rafi ya cika, burji ya yanke, dare ya yi, kuma ba a ɗora mace mai zubar jini a bayan babur a yi nisa da ita. Saboda haka ne a jihohi irin su Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara aka horar da direbobin NURTW, ƙungiyar direbobin motocin haya, su riƙa ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, don shi aka fi kawar wa kai. An sha wahala an iso, sai a tarar asibitin sha-ka-tafi a kulle, ko akwai ma'aikaci ɗaya amma babu wuta. Allurar tsayar da jini tana buƙatar sanyin firji. Jini babu, sai dangi sun fita neman wanda nasa ya dace. A miƙo takarda a ce a sayo safar hannu da ƙarin ruwa a kemis. Daga ƙarshe a ce sai babban asibiti, wato a sake komawa kan jinkiri na biyu da matar da ƙarfinta ya riga ya ƙare. Ma'aunin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne, kowane mutum 500,000 su sami aƙalla cibiyoyi 5 masu iya kula da haihuwar gaggawa, ɗaya daga ciki mai tiyata da ƙarin jini.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin haihuwa 16 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti a Arewa maso Yamma. Da an ji wannan sai a ɗora laifin kan mutanen ƙauye, a ce jahilci ne. Ni ban yarda laifin nasu ne su kaɗai ba. Iyalin da suka sayar da akuya suka yi shatar mota, suka tarar da ƙofa a rufe, da wuya su yi saurin fita a karo na gaba, kuma labarinsu zai zaga ƙauyen. Jinkiri na uku shi ke ciyar da na farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Kwamitocin da ke bitar irin waɗannan mace-mace da wannan tsari na jinkiri uku suke aiki: yaushe matsalar ta fara, ƙarfe nawa aka bar gida, ƙarfe nawa aka iso, kuma awa nawa ta yi a kwance kafin ma'aikaci ya duba ta.