Mene ne "gwajin haɗarin faɗuwa" da ake ta faɗa?

Kwanan nan masu shirin lafiya a rediyo nan Garwa sun kama maganar "gwajin haɗarin faɗuwa": a kai Baba a yi masa, a kai Inna a yi mata. Yadda suke faɗa sai ka ɗauka awon sukari ne, a ɗiga jini, na'ura ta ba da lamba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan, don gwajin ba ɗaya ba ne.

Akwai na Berg, mai ayyuka 14 da ake sa tsoho ya yi, da maki 56. Akwai na Mary Tinetti na 1986, wanda aka yi ta yi wa ƙari da ragi har ya rabu kala-kala, kowanne yana amsa sunan, ko da yake mai maki 28 aka fi sani.

Amma a dubi mafi sauƙinsu, TUG (Timed Up and Go, wato auna lokacin tashi da tafiya), da aka fitar a Kanada a 1991. Tsoho zai tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya dawo ya zauna, ana duba agogo. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce daga sakan 12 akwai haɗari. Wani bincike na 2000 ya sa iyakar a 13.5. To tsohuwar da ta yi sakan 13 fa? A wannan takarda tana cikin haɗari, a waccan lafiyarta ƙalau. Kujerar ma an ƙayyade ta: mai hannu, tsayinta wajen santimita 46. Mu kuwa sau da yawa benci ne. Wannan ma'aikaci ya ce "Hajiya, taka yadda kika saba", wancan ya ce "Hajiya, ɗaga ƙafa", ita kuma yau da silifa, gobe ƙafa ba takalmi. Duk a rubuta lamba a kati ba bayani.

Kuma iyayenmu ba daga kujera suke yawan tashi ba. Daga tabarma ne, daga tsugunnon alwala, daga masai da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki.

Ni dai na fi yarda da ma'aikacin da zai fara tambayar ko Baba ya faɗi bana, ya duba maganin hawan jininsa da yanar idonsa, sannan ya rubuta gwajin da ya yi da irin kujerar da aka zauna.