Annette Kellerman

Annette Kellerman (1886–1975) 'yar ninkaya ce daga Ostireliya, wadda ta zama tauraruwa a zamanin fina-finan da ba su da murya. An haife ta ranar 6 ga Yuli 1886 a unguwar Marrickville ta birnin Sidni. Iyayenta duka makaɗa ne.

Ciwo ne ya kai ta ruwa. Tana 'yar shekara shida ƙafafunta suka yi rauni har aka ɗaura mata ƙarafunan tallafi, sai aka sa ta koyon iyo, domin ruwa na ɗauke nauyin jiki ya bar tsoka ta motsa ba wahala. Da ta kai sha uku ƙafafun sun kusa daidaita. A 1902 ta lashe gasar mata ta jihar New South Wales a yadi 100 da mil ɗaya.

A 1905 ta je Ingila, ta yi iyon sama da mil 13 a kogin Thames, daga Putney zuwa Blackwall. Sau uku ta gwada ƙetare mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa, bai yiwu ba. Sai a 1926 Gertrude Ederle ta zama mace ta farko da ta ƙetare shi.

Babban abin da ta canja shi ne kayan iyo. A wancan lokaci mace kan shiga ruwa da doguwar riga da wando, galibi na ulu. Da sun sha ruwa sai su yi nauyi, su naɗe ƙafa, hannu ma ya kasa miƙewa. Kellerman ta ɗauki rigar tseren maza ta ɗinka mata baƙar doguwar safa, ta zama guda ɗaya mai bin jiki. Rigar ta karɓu har aka riƙa sayar da irinta da sunanta.

A Amurka ta yi wasan nutso a tankin gilashi gaban 'yan kallo, daga nan fim ya ɗauke ta. Ana ɗaukar Neptune's Daughter na 1914 a tsibirin Bamuda tankin gilashin ya fashe, ruwan ya yi awon gaba da ita da darakta Herbert Brenon, gilasai suka yayyanke su. Bayansa kamfanin Fox ya yi A Daughter of the Gods a Jamaika a 1916, fim ɗin da aka yi ta tallarsa da cewa ya ci dala miliyan ɗaya. Ita ke yin tsallen ganganci da kanta, ba wanda ke tsaya mata. Abin takaici, wannan fim ya ɓace, kamar yawancin na zamanin, waɗanda faifansu ke ruɓewa ko ya kama wuta. Venus of the South Seas na 1924, da aka ɗauka a Niyuzilan, shi ya tsira.

Ta auri manajanta James Sullivan a 1912, ta fitar da littafin koyon iyo a 1918. A 1970 ta koma gida Ostireliya, ta rasu a Southport ta jihar Queensland ranar 6 ga Nuwamba 1975.