Ba Haihuwa Kaɗai Ke Gina Gari Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa gari yana girma ne daga 'ya'ya da jikokin waɗanda suka fara sare dajinsa, baƙi kuwa sai daga baya suke zuwa su tarar da shi a ginanne. Tarihi bai goyi bayan wannan ba.

Dubi Landan. A wajajen 1600 mutanenta sun kai kimanin 200,000, zuwa 1700 sun haura 500,000. Amma a shekaru da dama na wannan ƙarni, waɗanda ake binnewa a birnin sun fi waɗanda ake haifa yawa, saboda cunkoso, gurɓataccen ruwa da annoba, musamman ta 1665 da ta hallaka dubun-dubatar rayuka. Abin da ya cike giɓin shi ne samari da 'yan mata da ke ta kwararowa daga ƙauyukan Ingila neman aikatau da koyon sana'a. Ba don su ba, da birnin ya ragu.

Chicago da ke Amurka ma haka take: ba ta kai mutum 5,000 ba a 1840, amma a 1890 ta wuce miliyan ɗaya, akasarinsu baƙi daga Turai da 'ya'yansu.