Ma'anar "gelatin silver print", rubutun da ke gefen hotunan baƙi-da-fari

Duk wanda ya shiga gidan tarihi ya tarar ana baje kolin hotunan duwatsu, kwaruruka da gajimare na baƙi-da-fari, zai ga ɗan kati manne a gefen kowane hoto. A jikinsa akwai sunan mai ɗaukar hoton, sunan wurin, shekara, sai wasu kalmomi uku na Turanci da ke ta maimaituwa daga bango zuwa bango: gelatin silver print. Yawancin masu kallo tsallake su suke yi, alhali su ne ke faɗa maka ainihin abin da idonka ke kallo.

Ma'anarsu ita ce hoton da aka wanke a kan takarda mai ɗauke da azurfa da jelatin. Azurfar nan ta gaske ce. Baƙin da ke cikin hoton, daga inuwar dutse har duhun sararin sama, ɓarɓashin azurfa ne, ƙanana ƙwarai ta yadda ba sa ƙyalli, baƙi kawai suke yi. Ko ɗigon tawada babu. Shi kuwa jelatin wani danƙo ne marar launi da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, aikinsa ya riƙe azurfar a fuskar takarda. A takardu masu daraja, ƙarƙashinsa akwai wani farin shafe da ake kira barita, shi ne ke ba farin hoton haskensa.

Kafin a wanke, azurfar tana haɗe ne da wani sinadari, buromin ko kulorin, kuma wannan haɗin ba ya jure haske. Shi ya sa ake aikin a ɗakin duhu, da jar fitila kaɗai, domin jan haske bai dame takardar ba. Mai wanki zai sa nagetif, wato fim ɗin da kyamara ta ɗauka wanda fari ke fitowa baƙi a cikinsa, baƙi kuma fari, a na'urar faɗaɗa hoto, ya haska shi a kan takarda na 'yan daƙiƙoƙi. Ka duba takardar a lokacin, fara ce fat, kamar ba a yi komai ba. Sai an tsoma ta a ruwan magani na farko sannan hoton ya fara tasowa a hankali, inda haske ya taɓa ya koma baƙar azurfa. Ruwa na biyu ya tsayar da aikin na farko, na uku ya narkar da sauran haɗin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin baƙi idan ya fito sarari. Daga nan sai ɗauraya mai tsawo.

Kafin wannan hanya, da farin ƙwai ake shafe takardar hoto, dabarar da wani Bafaranshe, Blanquart-Evrard, ya fito da ita a 1850. A 1871 wani likita ɗan Ingila, Richard Leach Maddox, ya nuna cewa jelatin zai iya riƙe azurfar. Daga wajen shekarun 1890 takardar jelatin ta karɓe kasuwa, ta riƙe ta har lokacin da hoto mai kala ya yi rinjaye. Kusan duk tsohon hoton baƙi-da-fari na ƙarni na 20 irin wannan ne.

Inda maganar ta fi armashi shi ne a katin da ke ɗauke da shekaru biyu: ta ɗauka da ta wanki. Wani lokaci tazarar ta kai shekara talatin. Me ya sa gidan tarihi zai damu da wannan? Domin nagetif ɗaya ba hoto ɗaya yake haifarwa ba.

Ansel Adams, Ba'amurken da ya rayu daga 1902 zuwa 1984 kuma ya yi suna da hotunan kwarin Yosemite na Kalifoniya, shi ne misalin da ya fi fito da abin fili. Da kiɗan piyano ya fara rayuwarsa, don haka yakan kwatanta nagetif da rubutaccen kiɗa, wankin hoto kuma da kaɗa shi a gaban jama'a. A Nuwamban 1941 yana tuƙi da yamma a jihar New Mexico, ya hango wata ya fito a saman ƙauyen Hernandez, hasken rana na ƙarshe kuma na dukan fararen gicciyen maƙabarta. Ya tsaya a gurguje, ya nemi ma'aunin haske bai gan shi ba, ya yi lissafi da ka daga hasken wata. Ɗauka ɗaya ya samu, kafin ya yi ta biyu rana ta faɗi. Daga wannan nagetif ɗin ya wanke kwafi sama da 1,300 a tsawon rayuwarsa, kuma ba su zama iri ɗaya ba. A na farko-farko sama ruwan toka ce, ana ganin siraran gajimare a cikinta. A na shekarun 1970 ta koma baƙa ƙirin, wata na rataye a ciki shi kaɗai. Ƙauyen bai canza ba, nagetif ɗin ma shi ne dai, abin da mutumin ke so ya nuna ne ya canza. A ganina na farkon sun fi kama da yamma ta gaskiya, amma na baya su ne duniya ta haddace. A 2006 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani kwafin 1948 kan dala 609,600.

Da hannu ake yin wannan bambanci. Yayin da haske ke sauka a kan takarda, mai wanki yakan kare wani sashe da tafin hannu ko ɗan kwali a bakin waya don ya yi haske, ya kuma ƙara wa wani sashen lokaci don ya yi duhu. Hannun ba ya tsayawa wuri ɗaya, in ya tsaya sai shatinsa ya fito. A hoton shimfiɗar ƙasa wannan aikin ba shi da makawa, saboda sama kan fi ƙasa haske nesa ba kusa ba, takarda kuma ba za ta iya ɗaukar duka biyun a tashi ɗaya ba.

Wani ɓangaren aikin tun a fili ake yin sa. Idan aka sa jan gilashi a bakin kyamara, shuɗin sama sai ya fito da duhu, gajimare su yi tas. Da haka Adams ya ɗauki fuskar dutsen Half Dome na kwarin Yosemite a 1927. Daga baya, wajen 1940, shi da wani mai ɗaukar hoto, Fred Archer, suka tsara wani ma'auni da ya raba haske gida 11, daga 0, baƙi tsantsa, zuwa 10, farin takarda, ruwan toka na tsakiya a 5. Kowane gida ninkin hasken na ƙasansa ne. Amfaninsa shi ne mai ɗauka ya yanke shawarar gidan da inuwar dutse za ta faɗa tun kafin ya latsa.

Azurfa tana da abokan gaba: danshi, da iskar da ke ɗauke da sinadarin salfa. Tsohon hoton da bai sami kulawa ba yakan yi rawaya, ko wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi ya taso a gefunansa masu duhu. Don haka masu wanki da dama kan tsoma hoton a ruwan seleniyam, wanda ke kare azurfar ya kuma ƙara wa baƙin zurfi. Gidajen tarihi su ma sukan rage fitilu a ɗakin hotuna, su sauke su bayan 'yan watanni su mayar ma'ajiya.

Yanzu hotunan baƙi-da-fari da yawa a bangon gidan tarihi na'urar buga hoto ce ta fesa su da tawada daga kwamfuta, wasunsu kuma kyawawa ne ƙwarai. Katinsu zai ce pigment print ko inkjet print. Ka matsa kusa ka kalli hoton ta gefe: a yawancin na tawada launin yana zaune ne a saman takarda, a na azurfa kuwa baƙin yana can cikin jelatin, kamar abin da kake hangowa ta ƙarƙashin ruwa.